Minti biyu kacal: yadda ɗalibai ke ɗaukar farkon fim ɗin fargaba da kayan aiki kaɗan

A da, a makarantun Ingila, ɗalibai 'yan shekara 16 zuwa 17 da suka zaɓi darasin nazarin kafafen watsa labarai sun yi shekaru suna fama da wani aiki da hukumar jarrabawa ta OCR ta ɗora musu. Za su shirya farkon wani sabon fim, haɗe da sunayen waɗanda suka yi shi, kuma kada ya wuce minti biyu. Rukuni ɗaya bai wuce mutum huɗu ba. Duk hoton da ke ciki dole su ne suka ɗauka, kiɗa kuwa ko dai su tsara nasu ko su samo wanda ba shi da takunkumin haƙƙin mallaka. A lokacin, makin wannan aiki yana shiga sakamakon jarrabawarsu, don haka ba wasan yara ba ne.

Da yawansu fim ɗin fargaba suke zaɓa, irin wanda ke sa mai kallo ya ƙame a kujera yana jiran abin da zai faru. Dalilin a bayyane yake: ba ya buƙatar fashewar mota ko taron jama'a. Ƙofa ɗaya, lungu mai duhu da waya mai ƙara sun isa. Sai dai wannan arahar ce ke yaudarar mutane, domin fim ɗin fargaba ya dogara ne a kan duhu da sauti, su ne kuma abubuwa biyu da ƙaramar kyamara ta fi rauni a kansu.

A wancan tsarin, kafin babban aikin, akwai ɗan gwajin share fage. Mutum zai buɗe ƙofa, ya ratsa ɗaki, ya zauna a kujera yana fuskantar wani, su yi magana layi biyu. Shi ke nan. Abin da ake dubawa shi ne ko hannun da ya kama mariƙin ƙofa a waje ya dace da wanda ya turo ta a ciki bayan an yanka hoton, da kuma ko an kiyaye dokar digiri 180. Dokar tana nufin a ƙaddara akwai layi tsakanin mutanen biyu, kyamara kuma ta tsaya a gefe ɗaya na layin. Da zarar ta tsallaka, wanda ke duban dama sai ya koma duban hagu, mai kallo ya ɗauka su biyun wuri ɗaya suke kallo. Duk mai ɗaukar barkwanci don TikTok zai amfana da wannan gwaji fiye da sayen sabuwar waya.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a mayar da farkon fim tallar fim. Ɗalibi yana da minti biyu, sai ya cusa kisa, gudu, jini da bayyanar mugu duk a ciki. To me ya rage wa sauran minti casa'in ɗin? Aikin farkon fim shi ne ya dasa tambaya ya ƙi amsa ta. Shi ya sa ake yawan nuna wa ɗaliban sunayen farkon fim ɗin Se7en na David Fincher, wanda ya fito a 1995. Kyle Cooper ne ya tsara su: yatsu, littattafan rubutu, allura da zare, reza tana kankare fatar ɗan yatsa. Ba a nuna fuskar mai hannun ba, amma an riga an ji tsoronsa. A Psycho na Alfred Hitchcock kuwa, a 1960, Saul Bass layuka kawai ya sa suna tsaga sunayen, sauran aikin kiɗan Bernard Herrmann ne ya yi shi, da kayan goge zalla.

Matsalar duhu ita ce inda mai waya ya kamata ya natsu. Idon kyamarar waya ƙarami ne, hasken da yake tarawa kaɗan ne. Idan wuri ya yi duhu, wayar da kanta take ɗaga abin da ake kira ISO don ta ƙara wa hoton haske, sakamakon kuwa shi ne wannan tsakin mai kama da yashi da ke yawo a bidiyon dare. Tsarin ɗaukar hoton dare da kamfanoni ke talla yana haɗa hotuna da yawa ne cikin daƙiƙoƙi ya fitar da guda ɗaya, bidiyo kuma ba shi da wannan lokacin. Saboda haka masu aikin ba sa ɗauka a cikin duhu na gaske. Sukan kashe fitilar sama, su ajiye fitila ɗaya mai ƙarfi a gefe ta haska rabin fuska, ɗaya rabin ya zauna a inuwa, sannan su ƙara duhun a wajen tacewa. Fitilar caji ko tocilan ɗin wata wayar, a lulluɓe da farin ƙyalle, tana yin wannan aikin. Dole kuma a kulle hasken da saitin ido, in ba haka ba wayar za ta riƙa gyara kanta a tsakiyar ɗauka. A iPhone danna allon ake yi a riƙe har ya kulle.

Akwai wani abu da ya shafi Kano da Maraɗi kamar yadda ya shafi Landan. Wutar lantarki a Ingila, Najeriya da Nijar tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka sau 60. Yawancin wayoyi kuma a saite suke su ɗauki hoto 30 a daƙiƙa, wanda ya dace da tsarin Amurka. Shi ya sa wasu ƙwayayen fitila ke ƙyafta wa bidiyo ido ko su zana masa ratsi. Maganin shi ne a koma hoto 25 a daƙiƙa, saurin rufe idon kyamara kuma ya zama 1/50. Manhajar Blackmagic Camera kyauta ce kuma tana ba da wannan damar, sai dai ba kowace Android take hawa ba.

Sauti ya fi hoto saurin tona asiri. Makirufon waya da ke nesa da mai magana iska da ƙarar janareta zai kwaso. Dabarar ita ce a ɓoye waya ta biyu kusa da bakin ɗan wasa tana naɗar murya, a tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara kafin a fara, daga baya a daidaita tsinin tafin a CapCut ko DaVinci Resolve. Takun ƙafa, ƙarar ƙofa da numfashi duk daga baya ake naɗarsu a ɗaki shiru. Wanda ya ɗauko kiɗan wani fim ya liƙa, YouTube ko Facebook na iya toshe masa sautin, ɗalibin kuma ya karya ƙa'idar jarrabawa.

Masu cewa waya ta isa suna da hujja. Steven Soderbergh ya ɗauki fim ɗin fargaba na Unsane da iPhone 7 Plus, ya fito a sinima a 2018, kuma Sean Baker ya riga shi da Tangerine a 2015 da iPhone 5s. A Kaduna ma matasan The Critics Company sun yi suna a 2019 da gajerun finafinan almarar kimiyya da suka ɗauka da waya mai fasasshen allo. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne Soderbergh yana da ƙwararrun 'yan wasa irin su Claire Foy da ma'aikatan sauti na musamman. Kyamarar ce kaɗai ta araha a wurin.

Saura batun makami. Ɗalibai na son saka wuƙa ko bindigar roba, amma a Ingila fita bainar jama'a da abin da ya yi kama da bindiga ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba laifi ne a doka. Wanda ya hango daga nesa bai san fim ake yi ba, kuma wannan gaskiya ne a kowace unguwa. Masu hankali sukan ɗauki irin wannan fitowa a cikin gida, ko su sanar da maƙwabta da masu unguwa tun da wuri, ko kuma su nuna inuwar wuƙar a bango su bar wuƙar a kicin.