Gaskiya ko Jita-jita: Saitin Rauta da Abin da Ake Faɗa a Kansa

A falon kawuna akwai wata farar rauta mai eriya biyu da ta daɗe tana zaune a kan firji. Duk ranar da bidiyo ya tsaya yana ta juyawa, ita ce ke shan zagi. Wata Asabar na je gaishe shi, sai na tarar autansa ya sauko da ita ya ɗora a cinya, ya ari fil ɗin ɗankwalin yayarsa, yana laluben wani ɗan rami da ke bayanta.

"Kai, me za ka yi mata?"

"Yaya, risetin zan yi. Haka ake yi, yanzu za ka ga ta dawo da gudu kamar sabuwa."

Kafin in buɗe baki ya soka fil ɗin ya danne. Fitilun suka mutu, suka dawo ɗaya bayan ɗaya, amma sunan Wi-Fi ɗin gidan ya ɓace daga wayar kowa. Kawu da ke kishingiɗe yana jin rediyo ya ɗago ya ce, "To injiniya, gyarawa ka yi ko ƙarasawa?"

Ƙarasawa ce. Gidan bai sake ganin intanet ba sai ranar Litinin.

Yaron ya cuɗa abu biyu ne da ba su da haɗi. Kashe rauta a bar ta kamar minti ɗaya sannan a kunna, wannan magani ne na gaske, domin ita ma 'yar ƙaramar kwamfuta ce da kan cushe ta daskare, kuma idan ta farka sai ta sake ƙulla hulɗa da kamfanin intanet daga farko. A watan Mayun 2018 hukumar FBI ta Amurka da kanta ta roƙi jama'a su kashe rautocinsu su kunna, saboda wata muguwar manhaja mai suna VPNFilter. Soka fil a ramin nan kuwa wani abu ne daban. Yana goge duk abin da aka taɓa rubuta wa na'urar, ya maido ta yadda ta fito daga kwali, kuma ba ya ƙara mata gudu ko na anini.

Abin da ya sa asarar ta yi tsanani a gidan kawu shi ne yadda rautar tasu ke gaisawa da kamfani. Rauta dai ba ta haifar da intanet. Karɓowa take ta rarraba wa mutanen gida. Wani kamfanin da zarar an jona kebul yake ba ta adireshi ba tare da an rubuta komai ba, shi ne za ka ga an rubuta DHCP a shafin saiti. Wani yana ba ka adireshi na dindindin, ka zauna ka shigar da lambobin da hannunka. Wani kuma sai rautar ta faɗi suna da kalmar sirri kafin a buɗe mata ƙofa, wato PPPoE. Irin wannan ce ta kawu, kuma takardar da mai haɗawa ya rubuta bayanan a kai ta daɗe da bin shara. Wadda ake sa wa layin waya ita ta fi sauƙi, yawanci da kanta take gano hanyarta, shi ya sa masu ita ke yin risetin su kwana lafiya, sannan su je su ba mai kebul shawarar da za ta kwantar da shi.

A daren nan ma sai da aka yi gardamar cewa ba za a iya shiga saitin ba tunda babu intanet. Jita-jita ce. Shafin saiti yana cikin rautar ne, ba a wata duniya ba. Ka haɗa wayarka da Wi-Fi ɗinta, ka buɗe burauza ka rubuta 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, ko 192.168.8.1 idan ta Huawei ce, shafin zai buɗe ko da babu data ko kaɗan. Ainihin lambar tana rubuce a takardar da ke manne a ƙarƙashinta.

Sai maganar da ta fi kowace farin jini a rumfunan caji da kasuwannin waya: wai akwai wani APN na sirri da in ka sa shi za ka yi ta hawa intanet kyauta, ko gudu ya ninka. APN sunan ƙofar da layinka zai bi ne ya shiga intanet ta hanyar kamfani, kuma ba abin ɓoye ba ne. Na MTN a Najeriya shi ne web.gprs.mtnnigeria.net, na Glo kuma gloflat. Idan aka sa wanda ba daidai ba, yawanci sai ka ga sabis ya cika amma shafi ya ƙi buɗewa, abin da kan faru idan an sa layin wani kamfani a rautar da aka saba da wani. Nan ne kaɗai gyaran APN ke da amfani. Lissafin data ba kamar mitar wuta ba ne da ke manne a bangon gidanka har wani ya yi tunanin zagaye ta. Mitar data tana can cikin kwamfutocin kamfani, tana ƙirga duk abin da ya wuce da sunan layinka, kuma babu abin da za ka rubuta a falonka da zai taɓa ta. Maganar ta samo asali ne daga shekarun baya, lokacin da akan sami 'yan kafofi a tsarin kamfanoni, matasa su yi ta shagali na 'yan kwanaki kafin a toshe. Yau wanda ya ce ka turo kuɗi ya ba ka saitin kyauta, ko ya turo maka wata manhajar da ba ka san asalinta ba, shi ne zai ci kyauta, ba kai ba.

Batun cewa sa 8.8.8.8 a saiti yana ƙara gudu ya fi wannan ɗaure kai, domin akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Kwamfuta ba ta san suna ba, lamba ta sani. Idan ka rubuta sunan wani shafi, sai an tambayi wata uwar garke, wadda ake kira DNS, ta faɗi lambarsa. Kamar yaron da ka tsayar a bakin unguwa ne ya nuna maka gidan da kake nema. Yana iya nuna maka nan take, yana iya tsayawa inda-inda, amma ba shi zai faɗaɗa lungun da motarka za ta bi ba. Google ya buɗe nasa, 8.8.8.8, a Disambar 2009, Cloudflare kuma ya kawo 1.1.1.1 ranar 1 ga Afrilun 2018. Idan na kamfaninka yana jan ƙafa ko ya faɗi, komawa ɗayan waɗannan zai sa shafuka su riƙa buɗewa ba jinkiri, har ka ɗauka an yi maka sihiri. Amma fim ɗin da kake saukewa a minti goma, a minti goman zai ci gaba da sauka. Lambar tana da wani tarihin ma: a 2014, da gwamnatin Turkiyya ta toshe Twitter ta hanyar DNS, sai aka wayi gari an rubuta 8.8.8.8 da fenti a jikin bango, don mutane su san ta inda za su zagaya.

Akwai wani maƙwabcina da ya yi mako guda yana alfahari cewa shi 5G yake hawa, hujjarsa kuwa sunan Wi-Fi ɗinsa ya ƙare da 5G. Ban so in kashe masa gwiwa ba, amma ba haka ba ne. Rautoci da yawa suna watsa Wi-Fi a zango biyu, na gigahaz 2.4 da na gigahaz 5, sai su liƙa wa na biyun wannan alama don a bambance. Wannan tsakanin wayarka da rauta ne kawai. 5G da MTN ya fara a Najeriya a 2022 kuwa tsakanin rauta ne da ƙarfen sabis, kuma sai na'urar da aka ƙera dominsa. Zangon 5 ya fi gudu idan kana kusa, amma ba ya jure bango. Na 2.4 ya fi nisa, sai dai cunkoso ya yi masa yawa, don Bluetooth da rautocin maƙwabta duk nan suke turereniya. A gida mai ɗakuna da yawa da katanga mai kauri, wanda ke can ƙuryar ɗaki gara ya zauna a 2.4. Idan kuma gidan haya ne da kowa ke da tasa, a gwada sa tashar Wi-Fi a 1, ko 6, ko 11, su ne ukun da ba sa hawa kan juna.

Mai ƙorafin cewa ya biya kuɗin gudun 20 amma 2.5 yake gani lokacin saukewa, shi ba a cuce shi ba. Kamfani da megabit yake awo, burauza da megabait, kuma bit takwas ne ke yin bait ɗaya.

Wani ƙorafin da nake ji kullum shi ne rauta tana shan data kamar rairayi. Mutum zai ce abin da ke yi masa wata guda a waya, a rauta mako biyu ya ƙare. Datar na ƙarewa da gaske, amma an bar jaki ne ana dukan taiki. Waya tana ɗaukar duk wani Wi-Fi a matsayin ruwan kogi. Da zarar ta hau sai ta shiga sabunta manhajojin da ta daɗe tana jinkirtawa, ta kwashi hotuna tana turawa ma'ajiya, YouTube ya ɗaga ingancin hoto ba tare da ya tambaye ka ba. Netflix da kansa ya ce kallon awa ɗaya a hoto mai kyau na iya cin gigabait 3. Ka haɗa da wayoyi shida da talabijin. Maganin yana cikin wayar: Android da Windows suna da wurin da za ka gaya musu wannan Wi-Fi ɗin na awo ne, iPhone ma yana da yanayin tsimin data.

Wani lokacin kuma da gaske akwai baƙon da ba a gayyata ba, kuma nan ne na fi ganin sakaci. Mutane sun yi imani cewa idan ka karɓi wayar baƙo ka rubuta masa kalmar sirri da hannunka, ba zai san ta ba. Tun daga Android 10 waya na iya fito da alamar QR ta Wi-Fi ɗin da take kai, wani ya haska ya hau, wasu wayoyin ma har kalmar suke nunawa a fili. Ka ba yaro ɗaya bayan la'asar, kafin isha'i duk majalisar ƙofar gida tana kanka. Ɓoye sunan Wi-Fi ma ba katanga ba ce, labule ne. Rautar na ci gaba da magana da wayoyin gida, kuma mai manhajar bincike zai ga sunan ba wahala. Abin da ke aiki shi ne doguwar kalmar sirri a ƙarƙashin WPA2 ko WPA3, da buɗe wa baƙi nasu zauren daban idan rautar tana da shi, da leƙa jerin na'urorin da ke haɗe lokaci zuwa lokaci. Idan ka ga WEP a saitinka ka gudu, tun 2001 aka gano lagonsa. Haka WPS, wanda aka kawo don sauƙaƙa haɗawa: a ƙarshen 2011 wani mai bincike, Stefan Viehböck, ya nuna cewa lambarsa mai alƙaluma takwas ana iya cankarta cikin gwaji kusan 11,000 kacal, abin da kwamfuta ke gamawa cikin sa'o'i. A kashe shi.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne da yawa ba su san kalmar sirri biyu ce ba. Akwai ta hawa Wi-Fi, akwai ta shiga shafin saiti, kuma ta biyun a gidaje da dama har yau admin ce, kamar yadda ta zo daga masana'anta. Duk wanda ya hau Wi-Fi ɗinka zai iya shiga nan ya kore ka daga rautarka, ko ya sauya DNS ɗin nan da muka yi magana ya mai da shi nasa, ka rubuta sunan bankinka a kai ka shafin bogi. Kada a ɗauka zuzutawa ce. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta riƙa yawo a intanet tana gwada sunaye da kalmomin sirri na masana'anta, kimanin sittin kawai, a kan rautoci da kyamarori. Da rundunar na'urorin da ta kame aka kai wa kamfanin Dyn hari ranar 21 ga Oktoba, Twitter da Netflix suka ƙi buɗewa ga ɗimbin jama'a a Amurka. Masu na'urorin suna gida suna shan shayi, ba su san da su ake yaƙi ba.

A cikin duk maganganun nan akwai ɗaya da zan sa wa hannu ba gyara: cewa inda aka ajiye rauta yana da tasiri. Ƙarfe, da bango mai kauri, da tankin ruwa duk suna cinye sigina. Mai amfani da layin waya ya ɗaga ta sama kusa da taga, ta ɓangaren da ƙarfen sabis yake. Mai kebul ya sa ta a tsakiyar gida, a sarari, inda iska ke ratsawa, don zafin watan Afrilu ba ya raga wa na'ura. Ta kawu yanzu an sauke ta daga kan firji an rataye a bangon tsakar gida, a inuwa, kuma ɗakin Gwaggo da a da ba ya kamawa ya fara kamawa.

Ranar Litinin ɗin da ma'aikacin kamfanin ya zo, minti biyar ya yi ya gama. Na sa ya rubuta sunan da kalmar sirrin a takarda, na ba kawu ya sa a cikin jakar da yake ajiye takardun gida. Kai ma, mai karatu, in taka mai kebul ce, ka nemi naka bayanan ka rubuta tun kafin wani ya ari fil, kuma yau ɗin nan ka shiga ka sauya admin ɗin nan.