Bajamushen da ya ɓoye sunansa don ya buga ƙwallo

A shekarar 2003, wata ƙaramar ƙungiyar 'yan sha'awa a Kalifoniya, Orange County Blue Star, ta yi rajistar ɗan wasan gaba mai suna Jay Goppingen. Sunan aro ne. Mai shi Jürgen Klinsmann ne, wanda ya ɗauki Kofin Duniya da Jamus a 1990, ya kuma samo laƙabin daga Göppingen, mahaifarsa. Tun da ya yi ritaya a 1998 ya tare a Amurka da iyalinsa, inda ba kowa ke waiwayensa a titi ba, har ya koyi tuƙa jirgi mai saukar ungulu.

Da aka naɗa shi kocin Jamus a 2004, bai kwashe kayansa ya koma gida ba. Imel da taron bidiyo suka zama ofishinsa. Jaridu suka yi masa ca, sai matsayi na uku a gasar 2006 ya rufe bakinsu. Koriya ta Kudu kuwa ba ta lamunta ba: ƙorafin rashin zamansa a ƙasar na cikin dalilan sallamarsa a Fabrairun 2024. Aiki daga nesa, ga alama, nasara ce kawai ke wanke shi.