Kalmar da ke Firgita 'Yan Kasuwa a Takardun Asibiti

A Garwa, ciniki da Fulatanci da Hausa muke yi, takardun ofis kuma da Faransanci. Amma da zarar mun tsallaka Yola ko Mubi, ko da Binuwai ɗaya ce ke ratsa Garwa da Yola, sai harshen takarda ya koma Turancin Ingilishi. Tsarin mulkin Kamaru na 1996 ya ɗora harsunan biyu a matsayi guda, sai dai a nan Arewa kaɗan ne daga cikinmu ke karanta Ingilishi da kyau.

Kwanan baya wani abokin cinikinmu mai sayar da atamfa ya dawo daga wani asibiti a Najeriya hankalinsa a tashe, yana cewa an gano masa ciwon sukari. Da muka karɓi takardar, sai muka ga an rubuta “predisposition to diabetes”. Ashe ciwon bai kama shi ba, gargaɗi ne likita ya yi masa saboda mahaifinsa da yayansa duk suna fama da shi.

Kalmar gaɓa biyu ce: “pre”, wato tun kafin, da “disposition”, wato hali ko yanayi. A taƙaice tana nufin jikin mutum ko halinsa ya karkata ga wani abu tun kafin abin ya auku. A jumlar Turanci yawanci “to” ce ke biyo ta, sannan sunan abin da aka karkata gare shi. Idan an ce “a predisposition to high blood pressure”, ana nufin mutum na cikin waɗanda hawan jini ke saurin kamawa. Idan an ƙara “genetic” a gabanta, to gado ake nufi. Haka kuma akan yi amfani da ita kan hali, kamar “a predisposition to anger” ga mai saurin fushi. Masu Faransanci za su gane ta, domin “prédisposition” ma'anarsu ɗaya. Sai dai kada a haɗa ta da “à votre disposition” da muke gani a wasiƙun kamfanoni, wadda ke nufin muna jiran buƙatarka.

Kuskure biyu muke yi a kan wannan kalma. Wani ya firgita, ya nufi masu tallar magani a tasha ya soma haɗiyar ƙwayoyin da ba a rubuta masa ba. Wani kuma da ya ji ba ciwo ba ne, sai ya cusa takardar a ƙarƙashin katifa, ya ci gaba da shayi mai sukari cokali huɗu, da miya mai gishiri da dunƙule, da zama a rumfa daga safe har magariba. Wannan na biyun shi ne ke buɗe wa ciwon ƙofa da hannunsa.

Bugu da ƙari, lambobin ma sukan rikita mu. Awon jini da ake kira 14/9 a Garwa, shi ne 140/90 a Yola, kuma daga nan ake fara maganar hawan jini. Sukarin da aka auna kafin karin kumallo, idan ya kai 1,26 a takardar Kamaru, shi ne 126 a wasu takardun Najeriya, iyakar da likitoci ke ɗauka alamar ciwon sukari idan aka maimaita awon.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa 'yan kasuwa, duk wanda ya ga wannan kalma kada ya bar gaban likita sai ya tambaya: ciwon ya kama ni ne, ko kuwa hanyarsa nake? Yaushe zan dawo awo? Mun saba lissafin canjin Naira da Sefa ba tare da kuskure ba, lafiyarmu ta fi cancantar wannan kulawa. Rigakafi dai ya fi magani.