Ka Sayi Tsohuwar DAF? Ga Abin da Wayarka Za Ta Iya Kafin Ka Kai Ta Gida

Duk wanda ya san Maigatari ranar Alhamis ya san dalilin da ya sa matasa ke haɗa kuɗi su sayi tsohuwar babbar mota. Shanu da raƙuma da buhunan riɗi ba sa kai kansu Kano. Sai dai tafiyar da ta fi kowacce haɗari ita ce ta farko, daga hannun mai sayarwa zuwa ƙofar gidanka, domin a lokacin ba ka san halin motar ba tukuna.

Mu fara da na'urar da ake yawan tambaya a kanta, wato ELM327, wadda ake sokawa a mota ta turo bayanan inji zuwa manhajar Torque ta Bluetooth. An yi ta ne domin ƙananan motoci masu lantarkin bolt 12. Yawancin manyan motoci irin DAF da MAN bolt 24 suke amfani da shi, kuma kwamfutarsu da wani yaren take magana, J1939. In ka soka mai arhar nan, ko ta yi shiru ko ta ƙone. Ita kuwa Marsandi 911 babu ma kwamfutar da za a tambaya. Cajar waya ta mota ma haka take: duba jikinta, in ba a rubuta 12-24V ba, bar ta a gida.

Inda waya ta fi amfani shi ne takardu. Shigar da lambar motar a shafin NVIS na hukumar kiyaye haɗura, FRSC, ka ga ko ta dace da motar da ke gabanka, sannan ka duba inshorarta a shafin NIID. Ɗauki hoton lambar shasi ka gwada ta da wadda ke kan takardar kwastam, harafi bayan harafi. A Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, don haka kada ka yi mamaki in jami'an kwastam tsakanin Maigatari da Gumel suka tsananta tambaya.

Taya kuma tana ɗauke da ranar haihuwarta. Nemi rubutun DOT, ka karanta lambobi huɗun ƙarshe: 2316 na nufin mako na 23 na shekarar 2016. Taya mai zanen kirki amma ta tsufa, ga zafin kwalta a watan Afrilu, ita ce ke fashewa ba sallama.

Birki ne babbar magana, kuma a nan agogon wayarka kawai ake buƙata. Tayar da inji har tankunan iska su cika, ka kashe shi, ka taka birki ka riƙe tsawon minti guda kana kallon allurar iska. In tana sauka a kan idonka, akwai yoyo, kuma motar ba ta tafiya yau. Ja bawul ɗin ƙasan tanki. In ruwa da mai suka fito da yawa, kira bakanike. Birkin iska yana da wata ɗabi'a: in iska ta ƙare, sifirin ne ke damƙe tayoyin baya, motar ta kafe a inda take, ko da a tsakiyar kwanar Gujungu ne. In kuma janwe za a kira, a cire farfela tukuna, in ba haka ba giyar za ta lalace.

A ganina, na'urar da ta cancanci kuɗinka ita ce ƙaramar bindigar auna zafi ta infrared. Bayan tafiyar kilomita goma ka tsaya, ka auna cibiyar kowace taya. Wadda ta fi 'yar'uwarta ta ɗaya gefen zafi sosai, ko boris ne ke ci ko birki ke kamawa.

Sauke taswirar yankin a Google Maps tun kana da sabis, amma ka sani ba ta san nauyin motarka ba. Za ta iya jefa ka hanyar rairayi a ƙauyukan Sule Tankarkar ko Gagarawa don ta rage maka minti biyar. Bi kwalta. Tura wa wani a gida wurin da kake kai tsaye ta WhatsApp, ka zaɓi awa 8. Kusa da iyaka layinka na iya kama sabis ɗin Nijar, don haka ka zaɓi kamfaninka da hannu a saitin waya. Lambar gaggawa ta FRSC ita ce 122. Tashi bayan asuba, a tafi babu kaya, wani kuma ya bi ku a baya da ƙaramar mota.