Sayen Tsohon Gidan Ƙasa da Gyaransa

Wata rana a laburaren makarantarmu na ga wata mujalla mai hotuna, inda aka nuna yadda mutanen Ingila suke sayen tsofaffin ƙananan gidaje a bakin teku, su gyara su, su shiga. Na yi dariya a raina, domin mu nan ƙasar Funtua da Malumfashi ba mu da teku, iyakarmu dai madatsar ruwa ta Mairuwa. Amma tsofaffin gidaje kam muna da su birjik, kuma a kakar shekarar 2023 mahaifina ya sayar da masararsa da waken soya ya sayi ɗaya, a bayan garin Funtua ta hanyar da ta nufi Mairuwa. Da muka sami hutu aka sa ni cikin masu ɗebo ruwan kwaɓa ƙasa. Abin da na gani da wanda na ji a wajen magina shi ne nake so in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu.

Me ya sa mutum zai sayi tsohon gida? Dalili na farko kuɗi ne. A farkon shekarar 2024 buhun siminti ya haura Naira 10,000 a wurare da yawa, saboda haka ginin bulo ya gagari talaka. Na biyu kuwa, rashin zaman lafiya ya kori jama'a da dama daga ƙauyukan Faskari da Sabuwa da Ɗandume zuwa cikin Funtua, kowa yana neman inda zai sa kansa. Kangon da a da ba mai kallonsa, sai ga dillalai suna zarya a kansa.

Gidan da Baba ya saya yana da zaure, da shigifa, da soro biyu, da rijiya a tsakar gida. Mai shi ya daɗe da rasuwa, 'ya'yansa sun watse, wasu Kaduna, wasu Zariya. Nan ne wahala ta farko take, tun ba a taɓa ko tubali ɗaya ba. Tsohon gida galibi gidan gado ne, kuma gidan gado ba na mutum ɗaya ba ne. Wanda ya kawo mana tallan gidan babban ɗa ne, ya ce shi ke da ta cewa. Baba ya ƙi ba da ko kafin alƙalami sai da ya ga takardar rabon gado daga kotu, ya kuma ji daga bakin kowane magaji, har da matan da ke gidajen aurensu. Wannan ya ci wata biyu, har dillali ya soma ƙorafi. Ashe akwai wata ƙanwarsu da ba a shaida mata ba. Da an biya kuɗi kafin ta sani, da yanzu muna gaban alƙali, domin a shari'ar Musulunci abokin tarayya a gidan da ba a raba ba yana da haƙƙin shufu'a, wato shi ya fi cancanta ya sayi rabon ɗan'uwansa kafin bare.

Bayan magada sun yarda, aka kira mai unguwa da maƙwabta na kowace kusurwa, aka zagaya iyaka, aka rubuta takarda, shaidu suka sa hannu. Har wa yau akwai maganar hukuma. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna bisa amana. Filin da ke cikin birni gwamna ke ba da takardar shaidar mallakarsa, na karkara kuwa ƙaramar hukuma, kuma sayar da shi yana bukatar amincewarsu. Mutane da yawa sukan tsaya a takardar mai unguwa kawai, sai ranar da rigima ta tashi su gane ba ta isa ba.

To, gida ya zama namu. Sai Baba ya ɗauko wani tsohon magini, wanda gemunsa ya yi fari fat, ya zo ya duba. Na zaci ɗaki zai fara shiga. Ko kusa. Sai ya sa aka kawo tsani ya hau kan soro, ya daɗe yana tattakawa a hankali. Da ya sauko ya bi gindin bango yana ƙwanƙwasawa da sandarsa. Na tambaye shi, na ce, "Baba, me kake nema?" Ya ce, "Ɗan makaranta, hanyar ruwa nake nema. Gidan ƙasa ba ya tsufa, ruwa ne ke kashe shi, ta kai ko ta ƙafa."

Wannan magana ita ce kan al'amarin duka. Ƙasarmu ta kudancin Katsina ta fi ta arewa samun ruwa, yakan kai wajen milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa a Yuli da Agusta. Ruwan da ke sa masara da auduga su yi kyau shi ne kuma yake cin gini. Ta kai, in indararo ya toshe ko ya karye, ruwa ya kwanta a kan soro, ya jiƙa ƙasar rufi ta yi nauyi, ya sauka kan azara. Ta ƙafa kuwa, ruwan da ya zubo daga sama yakan fantsama ya zaizaye gindin bango, danshin ƙasa kuma ya riƙa hawa, har bango ya zama kamar itacen da aka sassare gindinsa. Galibin katangun da muke jin sun faɗa wa mutane da damina ta nan suke soma lalacewa. Hadarinmu kuma daga gabas yake tasowa, shi ya sa bangon gabas ya fi kowanne shan wuya.

A gidanmu magini ya tarar soro ɗaya lafiya lau, ɗayan kuwa azararsa uku sun ruɓe. Azara, ga waɗanda suka tashi a gidan kwano, ita ce itacen giginya da aka faskare. Tana da ƙarfi ƙwarai, gara kuma ba ta cika cinta ba, amma ba ta ɗaukar nauyin rufin ƙasa in faɗin ya wuce wajen ƙafa shida. Wannan ne ya sa magabatanmu suka ƙago bakan gizo, wato su jera gajerun azara suna ɗaure su, kowace tana ɗan leƙowa gaban ta ƙarƙashinta, a lulluɓe da ƙasa, har su haɗu a sama kamar baka. Da wannan dabara Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Zaurenmu yana da irin wannan baka guda biyu da suka gitta juna. Ban taɓa ɗaga kai na lura da irinsu ba sai ran nan, alhali kuwa kullum muna wucewa ta ƙarƙashinsu a gidajen kakanninmu.

Aiki ya kama da hunturu, don a lokacin ne ƙasa take bushewa sosai, ga shi an gama aikin gona, ana samun ma'aikata. Ba kowace ƙasa ake gini da ita ba. Baƙar lakar fadama tana kumbura in ta sha ruwa, ta tsattsage in ta bushe, saboda haka jar ƙasa aka kawo a amalanke. Aka jiƙa ta, aka zuba ramno, wato busasshiyar ciyawa da aka daddatse, aka tattake da ƙafa, aka bar ta ta kwana, gobe a sake. Magini ya ce ƙasar da ba ta kwana ba ba ta riƙo. Daga nan aka mulmula tubali, aka shanya. In za a yi gini, ana jera tubalin a tsaye, tsininsa sama, yaro yana jefa wa magini daga ƙasa yana cafewa. Ni ma na gwada jifar, na fasa guda huɗu, aka mai da ni wajen ɗebo ruwa.

Inda gindin bango ya ci, ba a cike shi gaba ɗaya rana ɗaya. Ana kankare ruɓaɓɓen wurin kaɗan kaɗan, a yayyafa ruwa, a cika, a bari ya bushe, sannan a matsa gaba, don kada bango ya rasa abin tsayawa ya rufto kan masu aiki. Bayan haka aka yi dakali a gindin bangon waje. Da ina tsammanin dakali wurin hirar dattawa ne kurum, ashe garkuwa ne ga bango. Aka buɗe rariya, aka karkata tsakar gida yadda ruwa zai bi ta fita, aka sa sababbin indararo masu tsawo don su jefa ruwa nesa. An kuma cike tsohuwar salga an haƙa sabuwa can nesa da rijiya.

Sai aka zo kan yaɓe, nan ne fa gardama ta tashi. Kawuna, wanda ke aiki a Kaduna, ya ce a shafe gidan duka da siminti a huta, ya yi kama da na zamani. Magini ya girgiza kai ya ce wa Baba, "Alhaji, ƙasa da siminti ba sa zaman aure." Shi makuba yake so. Makuba kwasfar ɗorawa ce da ake jiƙawa, a kwaɓa ƙasar yaɓe da ruwanta, ta ba bango launin ja mai duhu, ta kuma sa ruwa ya riƙa zamewa. Ya ba mu labarin laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, a shafe kan soro da shi. Ya ce yanzu samunsa sai an sha wuya, tun da karofi ya yi ƙaranci.

Da yake kawu ne ya ce zai biya kuɗin siminti, Baba ya ji nauyinsa, aka raba gardama: bangon gabas na zaure aka shafa masa siminti, sauran aka yi makuba. Gaskiya da aka gama, na siminti ya fi kyan gani, ni ma a lokacin bayan kawu nake.

A watan Agusta na 2024, muna gida hutu, aka kwana ana ruwa. Da asuba muka ji rugum! Muka fito muka tarar simintin ya ɓallo faifai guda, ya ɗauko ƙasar bango mai kaurin tafin hannu, ya zube daidai inda ƙannena suke wasa da rana. Allah ya kiyaye ba kowa a wurin. Bangon da ya bayyana a baya jiƙe yake sharkaf, har da hanyoyin gara. Da muka koma makaranta na tambayi malaminmu na kimiyya, ya yi mini bayani. Ƙasa tana shan danshi ta kuma fitar da shi, tana ɗan motsi tsakanin zafi da sanyi. Siminti kuwa ƙandararre ne, ba ya bin wannan motsi, sai ya yi 'yan tsagogi. Ruwa ya shiga ta tsagar, ya rasa hanyar fita, ya zauna yana narkar da ƙasa a ɓoye, daga waje kuwa bango sumul. Malam ya ce a yankin Devon na Ingila ma akwai gidajen ƙasa masu ɗaruruwan shekaru, kuma sun gamu da irin wannan ɓarna a inda aka shafe su da siminti.

Kada a ce na ce siminti ba shi da amfani. A bakin rijiya da makewayi da daɓen tsakar gida ba abin da ya kai shi. Kada kuma a ce makuba ba ta da aibu. Aibunta shi ne tana son a riƙa sabunta ta, ba a yi sau ɗaya a manta. Mutanen Jenne a ƙasar Mali duk shekara gari ke fitowa a yaɓe babban masallacinsu, wanda aka gina a 1907, shi ya sa yake tsaye. Wanda ba zai iya hawa soro ya share indararo kafin faɗuwar damina ba, ya cire ciyawar da ta tsiro, ya toshe tsaga, to gara ya nemi gidan kwano. Haka muka yi wa soron da azararsa ta ruɓe. An nemi azara mai kyau an rasa sai da tsada, don giginya ta ragu, sai kafinta ya buga masa kwano mai dogon baki da zai kare bango. Da bazara kuwa kowa gudun ɗakin nan yake, a taru a tsohon soro, inda sanyi yake kamar cikin randa.

Da Baba ya yi lissafi, kuɗin gyara ya kusa kai rabin kuɗin saye, ban da la'adar dillali da abincin ma'aikata. Duk da haka ya ce bai kai abin da zai kashe a sabon ginin bulo ba. Da kaka ta yi aka sake kiran tsohon magini, ya kankare sauran simintin, ya cike bangon gabas, ya yaɓe shi da makuba. Bai ce wa kawu komai ba. Shi kaɗai ya zo da wani jikansa ƙarami, don 'ya'yansa duk sun koma buga bulo da acaɓa. Ya ce in na sami hutu mai zuwa in je ya nuna mini yadda ake ɗaure bakan gizo, Baba kuwa ya amince, muddin na ci jarrabawa.