Allurar Maleriya a Kebbi: Wa Ke Rubuta Koken Uwa?

Ranar 2 ga Disamba, 2024, aka fara yi wa yara allurar riga-kafin zazzaɓin cizon sauro a Nijeriya, aka kuma fara da jihohin Kebbi da Bayelsa. Duk wanda ya san kwarin Rima da fadamun shinkafar da suka shimfiɗu daga Argungu zuwa Birnin Kebbi ba zai tambayi dalili ba. Binciken ƙasa na 2021 ya nuna kashi 49 cikin ɗari na ƙananan yaran Kebbi suna ɗauke da ƙwayar cutar a jininsu, adadin da ya zarce na kowace jiha. Allurar, mai suna R21, masanan Jami'ar Oxford ne suka haɗa ta, kuma sau huɗu ake yi: a wata biyar, shida, bakwai, sannan a wata 15.

Ina cikin masu murna da wannan ci gaba. Amma akwai sauran aiki bayan an zare allura, wato sauraren abin da uwa za ta dawo ta faɗa. An gwada R21 a kan yara 4,800 a Mali, Burkina Faso, Kenya da Tanzaniya, kuma abin da aka fi gani shi ne zazzaɓi da ciwon wurin allura. Sai dai illar da ke samun yaro ɗaya cikin dubu goma ba lalle ta bayyana a gwaji irin wannan ba. Amurka ta ga haka. A 1998 ta amince da allurar RotaShield ta riga-kafin gudawar yara. Zuwa Yulin 1999 rumbun rahotanninta mai suna VAERS ya tara koke 15 na yaran da hanjinsu ya shige cikin juna. Da aka bincika, aka ga matsalar ta fi taruwa cikin mako biyu bayan kashin farko, aka janye allurar a Oktoban shekarar. Rahotanni kaɗan ne, amma suna ɗaya aka ba ciwon, kuma an rubuta kwanan wata.

Mu ma muna da hanyar kai koke: takardar da ake cikewa a asibiti, jami'in sa ido na ƙaramar hukuma, da hukumar NAFDAC, wadda tun 2004 take cikin shirin Hukumar Lafiya ta Duniya mai cibiya a Uppsala ta ƙasar Suwidin. Inda gizo ke saƙar shi ne harshe. A ɗauka mata huɗu sun dawo da 'ya'yansu. Ta Argungu ta ce yaron ya yi taune-taune, ta Gulma ta ce jijjiga, ta Ambursa ta ce ya sandare idanunsa sun kafe, ta huɗu ta ce iska ce ta taɓa shi. Ma'aikata huɗu za su mayar da maganganun zuwa Turanci, kowa da fahimtarsa. Kafin takardun su isa Abuja, ciwo ɗaya ya rabu gida huɗu, kuma babu gidan da yawansa zai ja hankalin kowa.

Maganin wannan shi ne abin da masana kwamfuta ke kira ontoloji. Na fi son a kira shi salsalar ma'ana, domin aikinsa irin na masanin nasaba ne: ya faɗi wane ɗan wane, wane ɗan'uwan wane. A cikinta za a rubuta cewa masassara, zazzaɓi da zafin jiki ma'ana ɗaya suke nufi. Cewa jijjigar zazzaɓi reshe ce ta jijjiga, ita kuma jijjiga tana ƙarƙashin cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Cewa suma daban take da farfaɗiya ko da mai kallo ya rikita su. Da zarar an tsara haka, kwamfuta za ta iya haɗa rahotannin matan nan huɗu a kan reshe guda ta ƙirga. Duniya ta yi nisa a wannan fage. Ƙamus ɗin MedDRA, wanda hukumomin magunguna ke aiki da shi, hawa biyar ne daga kalmar mai koke zuwa sashen jikin da abin ya shafa, kuma masana a Jami'ar Michigan sun gina salsala ta musamman kan illolin da ke biyo bayan allura da magani. An fassara MedDRA zuwa Larabci, Faransanci, Japananci da wasu harsuna. Babu Hausa a ciki.

Bayan suna sai lokaci. Kowane rahoto yana buƙatar amsa uku: kwana nawa bayan allura, kashi na nawa, a wane wata na shekara. A ƙara da lambar kwalba, don a gane ko laifin na wani rukunin da ya lalace a hanya ne. Muhimmancin wannan a Kebbi a bayyane yake. Daga Agusta zuwa Oktoba zazzaɓi kan cika gidaje ko da allura ko babu. Yaron da aka yi wa allura ranar Litinin ya kwanta ranar Juma'a, maƙwabta za su ce allura ce, alhali watakila sauro ne. Idan zazzaɓin allura ne, za a ga yana taruwa a kwana ɗaya ko biyu na farko, da rani da damina. Idan na sauro ne, zai bi ruwan sama. Saboda haka lissafin da ke iya kama allura da laifi shi ne kuma ke iya wanke ta.

Mun san kuɗin rashin wannan hujja. A 2003 zargi ya sa aka dakatar da riga-kafin shan-inna a Kano har zuwa Yulin 2004, cutar ta bazu zuwa ƙasashe kusan 20, kuma sai ranar 25 ga Agusta, 2020 aka bayyana Afirka ta rabu da ita. Uwar da aka ce wa "ba komai" ba tare da an rubuta kokenta ba za ta kai shi gidan suna da bakin rijiya, kuma da wuya ta dawo kashi na biyu.

Kirana ga abokan aikina malaman jami'a ne, a Birnin Kebbi, Aliero da Sakkwato. Malaman harshe, likitocin yara da masana kwamfuta su zauna tare, su bi masarautun Gwandu, Argungu, Yawuri da Zuru, su tattara yadda iyaye ke kiran ciwon yara da Hausar Kabi, Fulatanci, Zabarmanci da Dakarci, su ɗaure kowace kalma da takwararta ta likitanci. Aikin ɗalibai kaɗan ne masu neman digiri na biyu. Hukumar lafiya matakin farko ta jiha kuma ta riƙa bayyana wa jama'a, da Hausa a rediyo, koke nawa ta karɓa da abin da bincike ya gano.

Ku kuma iyaye, ku adana katin allura. Idan kun ga abin da ba ku saba gani ba, ku koma asibiti, ku faɗa da kalmar da kuka sani, ku faɗi ranar da ya fara, ku kuma tsaya har sai kun ga an rubuta.