Ciwon Daji na Baki da Masu Gadin Jikinmu

'Yan'uwa, cikin jininmu akwai fararen ƙwayoyi masu gadin jiki. Idan ciwon daji ya tsiro a harshe ko dasashi, sukan kutsa cikin ƙarin su yaƙe shi. Wani irinsu, limfosait T, aikinsa kashe ƙwayoyin da suka lalace. Masu bincike sun gano cewa idan suna da yawa cikin ƙarin, mara lafiya ya fi samun damar daɗewa bayan magani. Sai dai ciwon yakan yaudari wasu masu gadin, irin su makrofej, su koma taya shi yaɗuwa.

Don haka kada a bar wa jiki yaƙin shi kaɗai. Ciwon kamar kachala ne a kogin Hadejia: tun yana ƙarami ake cire shi. Taba sigari, asara da giya suna ƙara haɗarinsa.

Gyambon baki, ƙulli, ko tabo fari ko ja da ya wuce mako 2 bai warke ba, a kai mai shi asibiti a Auyo ko Babban Asibitin Hadejia. Daga nan ana iya tura shi Asibitin Koyarwa na Aminu Kano don gwajin nama.